Zaure Ya Cika Amma Ya Yi Tsit: Yadda Ake Kafa Burin da Za a Iya Aunawa

Duk wanda ya taɓa riƙe zaure a WhatsApp ko Facebook ko Telegram ya san wannan hali. Makon farko waya ba ta hutawa, ana ta shigowa ana sallama, kowa na cewa Allah ya sanya albarka. Bayan wata uku sai a tarar da mutum ɗari shida a jerin suna, amma masu magana ba su fi cikin cokali ba. Abin da ke yawo bai wuce gaisuwar Juma'a da tallan atamfa da saƙon da aka kwaso daga wani zauren ba. In aka tambayi shugaban zaure yaya ake ciki, sai ya ce alhamdu lillahi, mun kusa cika. Cikar ita kaɗai ya sani, domin ita kaɗai manhaja ke nuna masa a saman shafi.

Yawan suna ba shi ne rayuwar zaure ba. Zaure yana raye ne idan mutanen cikinsa suna amfanar juna, suna dawowa don kansu, kuma abin da aka taru dominsa yana tabbata. Duk waɗannan ana iya ƙirga su, ko da da biro da littafin rubutu ne. Wanda bai ƙirga ba zai yi ta wahala shekara da shekaru yana ƙona data da lokacinsa, ƙarshe a tashi taron tsintsiya ba shara.

Zan yi misali da zaurukan marubuta da masu karanta littattafan Hausa, saboda suna cikin zaurukan da suka fi cika a wayoyin mutanenmu, musamman mata. Al'adar ba sabuwa ba ce. Tun zamanin da adabin kasuwar Kano ke tashe, marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sun haɗu a ƙungiyar Raina Kama, suna ƙarfafa wa juna gwiwa, suna tallata littattafan juna. Yau babban kaso na wannan haɗuwa ya koma cikin waya. Matakan da za su biyo baya za su yi wa zauren manoma ko na tsofaffin ɗalibai ko na 'yan kasuwa aiki, in an sauya abin da ake ƙirgawa.

Mataki na farko: me aka taru yi?

Kafin a kawo maganar lamba, shugabannin zaure su zauna su rubuta manufarsa cikin jumla ɗaya. Jumlar ta faɗi su wane ne aka buɗe zauren dominsu, da abin da za su samu in sun zauna. Misali: wannan zaure na sabbin marubuta ne, su kawo gajeren labari a gyara musu, su ma su gyara na wasu. Ko kuma: wannan zaure na masu karanta littafin wance ne, a nan ake sakin shafuka, a nan ake sharhi.

Waɗannan zauruka biyu ba za a auna su da ma'auni ɗaya ba. Na farkon ya ci nasara idan labarai suna shigowa suna samun gyara. Na biyun ya ci nasara idan masu karatu suna bin littafi har ƙarshe, kuma suna biyan kuɗin na gaba. In aka cakuɗa manufa biyu ko uku a zaure ɗaya, to duk lissafin da za a yi daga baya zai rikice.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ku zaɓi mambobi biyar da ba shugabanni ba, ku tambaye su a keɓe, kowa shi kaɗai: a ganinki, me ake yi a zauren nan? In amsoshin biyar suka sha bamban, aikinku na farko ba neman sabbin mutane ba ne, fayyace manufa ne.

Mataki na biyu: ku san inda kuke tsaye

Ɗan kasuwar da bai san jarinsa ba, ba zai taɓa sanin ko ya ci riba ba. Haka ma mai zaure. Kafin ku ce za mu kai kaza, sai kun san yau kuna nawa. Ku ware mako huɗu na yau da kullum, waɗanda babu salla ko gasa ko rigima a cikinsu, ku yi ƙirga ba tare da kun sauya komai ba.

Kafin a fara ƙirgar, a daidaita kan ma'anar abin da ake ƙirgawa. A nan akwai darasi a wurin masu Wikipedia, har da ta Hausa. A ƙididdigarsu, ba duk wanda ya buɗe asusu ake kira edita mai aiki ba. Sai wanda ya yi gyara aƙalla 5 a cikin wata, wanda ya kai 100 kuma a sa shi a sahun masu ƙwazo sosai. Da yake ma'anar a tsaye take, ana iya gwada watan bana da na bara, ana iya gwada harshe da harshe. Ku ma ku tsayar da taku. Wanda ya tura sitika kawai, ya yi motsi? Wanda ya rubuta amin ko masha Allah fa? Shawarata ita ce a ƙirga mutum a matsayin mai motsi idan ya kawo rubutu, ko ya yi tambaya, ko ya ba da amsa, ko ya yi sharhin da ya taɓa abin da ake magana a kai. Duk abin da kuka zaɓa, ku rubuta shi, kada ku sauya shi a tsakiyar tafiya.

Yadda ake samo alƙaluman ya danganta da manhaja. A WhatsApp, wanda ya tura saƙo a zaure zai iya danne saƙon ya buɗe bayaninsa, ya ga waɗanda ya isa wayarsu da waɗanda suka buɗe. Wannan yana aiki a zaure ko da mutum ya kashe alamar karantawa. Akwai kuma damar fitar da hirar zaure gaba ɗaya a matsayin rubutu, a zauna a bi sunaye a nitse. In kun kunna saƙonni masu ɓacewa, ku yi ƙirgar kafin su tafi. Facebook yana ba shugabannin zaure shafin ƙididdiga da ke nuna sabbin shigowa da masu motsi da ranakun da aka fi hira. A tashar Telegram kuwa, kowane saƙo yana ɗauke da adadin waɗanda suka gani a ƙasansa.

Ku ja layi a littafi, ko a Excel ga mai iyawa. Kowane mako layi ɗaya: kwanan wata, jimillar mambobi, sabbin shigowa, waɗanda suka fita, masu motsi, tambayoyin da aka yi, waɗanda aka amsa, labaran da aka kawo, waɗanda aka gyara. Mutum ɗaya ya riƙe littafin, rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya.

Mataki na uku: ma'aunai huɗu

Abin da za a iya ƙirgawa yana da yawa, amma huɗu sun isa su nuna lafiyar zaure. Bari mu ƙaddara wani zauren sabbin marubuta mai mutum 600, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Lambobin na misali ne kawai.

Na ɗaya, shigowa. Ba sabbin shigowa kaɗai ake dubawa ba, har da masu fita. A ce cikin mako huɗu mutum 80 suka shigo, 50 suka fita. Ƙaruwar gaskiya 30 ce. Wanda ya tsaya kan 80 ɗin zai yi murna, alhali ƙofar baya a buɗe take. Ku kuma riƙa tambayar sabon shigowa ta ina ya ji labarinku, domin ku san hanyar da ke kawo masu zama da wadda ke kawo masu leƙe su wuce.

Na biyu, motsi. Mutum nawa daban-daban suka yi magana mai ma'ana? A lura, mutane ake ƙirgawa, ba saƙonni ba. Saƙo dubu daga bakin mutum bakwai hira ce ta ƙawaye, ba zaure ba. A ce 54 suka yi motsi cikin 600. A raba 54 da 600 a ninka da 100, an samu kashi 9 cikin 100.

Na uku, zama. Cikin 80 ɗin da suka shigo, nawa suka buɗe baki a makonsu na farko? Nawa ne har yanzu ake jin ɗuriyarsu bayan wata guda? A ce 12 ne suka yi magana a makon farko, wato kashi 15 cikin 100. Wannan ma'auni shi ya fi saurin tona asirin zaure, domin tsofaffin mambobi sun saba da juna, ba sa jin sanyin da baƙo ke ji.

Na huɗu, amfani. Shi ne wanda ke komawa kai tsaye ga jumlar manufa. A zauren koyon rubutu: labari nawa aka kawo, nawa suka samu gyara daga aƙalla mutum biyu cikin kwana uku? A ce an kawo 20, takwas suka samu. Sha biyun da aka bari ba amsa, masu su sun ji a ransu, kuma da wuya su sake kawowa. In lokaci ya yi muku ƙaranci har ba za ku iya bin ma'aunai huɗun ba, ku riƙe wannan.

Mataki na huɗu: rubuta burin

A shekarar 1981 wani masanin harkar gudanarwa a Amurka mai suna George Doran ya wallafa gajeriyar maƙala da ta haifar da tsarin nan da ake kira SMART. Sharuɗɗa biyar ya gindaya wa kowane buri: ya zama takamaimai, ya zama ana iya auna shi, a san wanda aka ɗora wa alhakinsa, ya zama mai yiwuwa da ƙarfin da ake da shi, sannan a yanka masa wa'adi. Masu koyar da tsarin a yau sukan sauya sharaɗi na uku da wani abu daban, amma a zauren da kowa aikin sa kai yake yi, sanin mai alhakin shi ne mafi muhimmanci. Aikin da aka ce na kowa ne, ba mai yin sa.

Ga burin da aka saba ji: muna so zaurenmu ya bunƙasa, mambobi su riƙa magana. Fata ne mai kyau, amma bayan wata uku ba wanda zai iya cewa an cim masa ko ba a cim masa ba. Ga yadda zai koma in an bi sharuɗɗan: daga farkon wata mai kamawa zuwa mako 12, masu motsi a wata za su tashi daga 54 zuwa 90, mataimakiyar shugaba ce za ta riƙe ƙirgar, ta kawo rahoto duk Asabar. Na biyu: labaran da ke samun gyara cikin kwana uku za su tashi daga 8 cikin 20 zuwa 15 cikin 20, masu gyara huɗu za su raba kwanakin mako a tsakaninsu. Na uku: sabbin shigowa da ke magana a makon farko za su tashi daga kashi 15 zuwa kashi 30 cikin 100.

Uku sun isa a wata uku. In aka jera goma, ba ɗaya da zai samu kulawa. Kada kuma a ɗebo da zafi. Zauren da ke kan kashi 9 ba zai wayi gari a kashi 50 ba, kuma burin da ya fi ƙarfin masu shi kashe gwiwa yake yi tun a mako na uku.

Kowane buri yana buƙatar aikin da zai kai gare shi, kuma aikin ma a sa masa lamba. Sakamako ba a hannunku yake gaba ɗaya ba, amma aiki a hannunku yake. Ba za ku iya tilasta wa sabuwar shigowa ta yi magana ba, amma za ku iya ɗaukar alkawarin cewa duk wadda ta shigo za a tarbe ta cikin awa 24. Tarbar ma tana da yadda ake yin ta. Dogon jerin dokoki da aka kwafa aka liƙa ba tarba ba ce. A gwada irin wannan: Assalamu alaikum 'yar'uwa, sannu da zuwa. Wane irin labari kike rubutawa, kuma ina ne ya fi ba ki wuya, farawa ko ƙarasawa? Ranar Talata muke duba rubutun sabbin shigowa, in kina da ko shafi ɗaya ne ki turo, Anti mai gyara tana nan. Saƙon ya yi tambayar da ke da sauƙin amsawa, ya faɗi rana, ya nuna akwai mai jiran rubutun. Wadda ta amsa wannan ta riga ta karya kunyar farko.

Haka ma a batun gasa. A 2016 sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata, kuma zaurukan marubuta kan ɗauki zafi idan lokacinta ya zo. Kada zaure ya sa wa kansa burin cin gasa, domin wannan hukuncin alƙalai ne. Burin da ke hannunsa shi ne: mambobi kaza za su kammala labari, a gyara shi a zaure, su aika kafin a rufe karɓa.

Batun 'yan laɓe

Babu ƙorafin da ya fi yawa a bakin marubutan intanet kamar na 'yan laɓe, masu karantawa su yi shiru. Har akan yi barazanar cire duk wanda bai yi sharhi ba, ko a ce an dakatar da littafi sai an ga ruwan sharhi. Zafin abin a fili yake: mutum ya ɓata dare yana buga shafi da babban yatsa, ya saki, ɗaruruwa su karanta, ko sannu babu.

Sai dai abin ba halin mutanenmu kaɗai ba ne. A 2006 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da intanet, ya bayyana abin da ya lura da shi a tarukan intanet da dama: kusan kashi 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, kashi 9 sukan sa baki jefi-jefi, kashi 1 ne ke samar da mafi yawan abin da ake karantawa. Ba doka ba ce da ba ta sauyawa, kuma ƙaramin zauren da mutane suka san juna yakan fi haka motsi nesa ba kusa ba. Amma ta isa ta nuna cewa shirun mafi yawa shi ne abin da aka saba gani, kuma burin a ce kowa sai ya yi magana ba mai yiwuwa ba ne.

Mai shiru yana da dalilansa. Wata sai dare take samun kanta bayan hidimar gida. Wani datarsa ta karatu ce kawai. Wata kunyar rubutunta take ji a gaban waɗanda take ganin sun fi ta. Barazana ba ta kawar da ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da take haifarwa shi ne jerin a ci gaba, mun gode, Allah ya ƙara basira, waɗanda ba su ƙara wa marubuciya komai ba sai cika waya. Abin da ya fi shi ne a rage tsayin matakin farko. Tun 2022 WhatsApp ke da ƙuri'ar jin ra'ayi, wadda dannawa ɗaya ta isa. A riƙa yin tambaya mai zaɓi biyu ko uku kan labarin, a ƙirga masu dannawa a layinsu daban. Burin ya zama matsar da mutane mataki ɗaya: mai karatu ya fara danna ƙuri'a, mai danna ƙuri'a ya fara sharhi, mai sharhi ya fara kawo nasa.

Tarkon da ke cikin lamba

Lamba tana da haɗarinta. A 1975 masanin tattalin arzikin Ingila Charles Goodhart ya yi wata lura da daga baya aka laƙaba wa sunansa. Gundarinta shi ne, da zarar an mayar da ma'auni ya zama abin da ake kora, sai ya daina faɗin gaskiya, domin mutane za su koma yi wa lambar aiki maimakon abin da take wakilta.

Wikipedia ta harshen Cebuano, wanda ake yi a ƙasar Filifin, tana da maƙaloli sama da miliyan 6, Turanci kaɗai ke gabanta. Amma mafi yawansu ba masu harshen suka rubuta ba. Wata manhajar kwamfuta mai suna Lsjbot ce, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin, Sverker Johansson, ya ƙera, ta zuba su. A jadawalin yawan maƙaloli tana sama, a yawan mutanen da ke rubutu a cikinta kuwa tana can baya. Wanda ya dubi lambar farko kaɗai zai ɗauka gagarumin taro ne.

A zaurukanmu tarkon yana zuwa da kamanni da yawa. In burin yawan mambobi ne, sai a shiga jefa mutane zaure ba da izininsu ba, ko a watsa mahaɗar shiga ko'ina har 'yan damfara da masu tura batsa su cika wurin. In burin yawan saƙonni ne, sai a koma kunna musu da gangan, domin faɗa ya fi komai tara jama'a. In kyauta aka sa wa mai yawan sharhi, sai a samu mai sharhi ɗari da bai karanta shafi ɗaya ba.

Maganin shi ne kowace lambar yawa a haɗa ta da lambar inganci, a karanta su tare. Sabbin shigowa a haɗa da masu zama bayan wata. Yawan sharhi a haɗa da yawan mutanen da suka yi shi. Yawan labarai a haɗa da waɗanda aka gyara. In ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, ba ci gaba aka samu ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A yi la'akari da lokaci da aljihu

Zaure yana da kakarsa. Da azumi marubuta da yawa kan ajiye littattafan soyayya sai bayan salla, hira kuma ta koma dare. Lokacin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ɗalibai kan ɗauke ƙafa. Zauren manoma yakan yi sanyi da rana idan damina ta kankama. Saboda haka kada a gwada watan azumi da watan da ya gabace shi a ce zaure ya mutu. A gwada shi da azumin bara. A gefen kowane layi na littafin ƙirga a bar gurbin rubuta abin da ya faru a makon: salla, rasuwa, ɗaukewar sabis, rigima.

Kuɗin data ma yana cikin lissafi. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Zauren da ke cika da bidiyo da dogayen saƙonnin murya yana korar masu ƙaramin ƙarfi ba tare da ya sani ba. In kuka ga masu fita sun ƙaru, ku dubi nauyin abin da ake turawa kafin ku zargi kowa. A ɗaya ɓangaren, akwai waɗanda magana ta fi musu sauƙi a kan rubutun boko, don haka gajeren saƙon murya mai ma'ana a ƙirga shi a matsayin motsi.

Burace-buracen da aka fi mantawa da su

Na farko, raba nauyi. Zaure da yawa sun mutu ne ranar da mai riƙe da su ta haihu, ko ya samu aiki, ko wayarsa ta faɗa ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku sa buri a fili: kafin wata uku, mutum uku cikin mambobi za su iya jan zaman mako ba tare da shugaba ba. Ku riƙa duba kashi nawa na amsoshi ke fitowa daga shugabanni. In yana raguwa alhali tambayoyi na samun amsa, zaure ya fara tsayawa da ƙafarsa.

Na biyu, hanya ta biyu. Manhajar da kuke ciki ba taku ba ce. Gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Ranar 4 ga Oktoban shekarar, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Ku sa burin cewa kashi kaza na masu motsi za a iya samun su ta wata hanyar, kuma darussa da gyare-gyaren da aka tara suna ajiye a wani wuri daban.

Na uku, shirin cika. Zauren WhatsApp ba ya wuce mutum 1,024, na Telegram yana kaiwa 200,000. Kada ku jira sai ƙofa ta rufe. Tun kuna wajen 800 ku yanke shawara: za a raba zaure gida-gida bisa abin da mutane ke so, a haɗa su ƙarƙashin inuwa ɗaya, ko za a buɗe tasha ta sanarwa kawai a bar zaure ga masu aiki? Zauren gyaran rubutu ma ba ya buƙatar kaiwa can. Mutum 60 da suka san salon juna sun fi dubu amfani ga mai koyo.

Na huɗu, amana. Lambobin wayar mambobi da sunayensu amana ce a hannunku. Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma ko babu doka, bai dace a sayar wa mai talla jerin lambobin mutane ba, ko a wallafa sunayen waɗanda ba su yi magana ba don a kunyata su. Rahoton da za a kai gaban zaure jimilla ce, ba sunaye ba. Ku kuma riƙa rubuta ƙorafin da aka kawo, na cin mutunci ne ko na fitar da littafin da ake biyan kuɗin karanta shi waje, da kwanakin da aka ɗauka kafin a warware.

Zaman bita

Ƙirgar da ba a zauna a kanta ba wahalar banza ce. Duk mako a cike layi, aikin minti kaɗan ne. Duk wata shugabanni su zauna, ko ta kiran waya, su amsa tambaya uku: me ya hau, me ya sauka, me za mu sauya? Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. In kuka sauya ranar gyara da salon tarba da dokar talla duk a mako ɗaya, ba za ku san wanda ya yi aiki ba.

Lamba tana faɗin abin da ya faru, ba ta faɗin dalili. Dalilin yana bakin mutane. Duk wata ku tuntuɓi biyu ko uku cikin waɗanda suka fita, cikin ladabi, ba da sigar tuhuma ba: mun ga kin fita, Allah ya sa lafiya, ko akwai abin da za mu gyara? Wasu ba za su amsa ba. Waɗanda suka amsa za su faɗa muku abin da na ciki ke jin nauyin faɗa.

Idan wa'adin mako 12 ya cika, ku kawo sakamakon gaban zaure yadda yake, an kai ko ba a kai ba, ku gode wa waɗanda suka ɗauki nauyi. In an kai, a ɗaga burin kaɗan. In ba a kai ba, a duba ko an yi aikin da aka yi alkawari. In an yi aikin amma lamba ba ta motsa ba, hanyar ce ba daidai ba, sai a gwada wata. In ba a yi ba, to aikin ya fi ƙarfin masu shi, sai a rage shi ko a ƙaro hannu. Wani lokacin ma lissafi zai nuna cewa zauren ya gama abin da aka buɗe shi dominsa, kuma rufe shi da sallama da godiya ya fi a bar shi ya zama juji.

Mutanen da suka shigo zaurenku sun ba ku datarsu da lokacinsu, wasu ma sun miƙa muku rubutun da ba su taɓa nuna wa kowa ba. Haƙƙinsu ne ku san ko abin da kuke yi yana amfanarsu. Ku rubuta jumlar manufa a makon nan, ku zaɓi mai riƙe littafi, ku fara ƙirgar mako huɗu, ku sa ranar zaman farko tun yanzu. Allah ya yi jagora.